Mudu Ɗaya A Kasuwa Biyu: Albashin Biza Da Tsadar Landan

Jama'a, akwai wani adadi da ya shiga bakin matasanmu masu ilmi, likitoci da injiniyoyi da masana kwamfuta, suna ta nanata shi kamar wata kalmar buɗe ƙofa, wato fam 41,700. Wannan shi ne mafi ƙarancin albashin shekara da gwamnatin Birtaniya ta gindaya daga ranar 22 ga Yulin 2025 ga mafi yawan baƙin da ke neman bizar ƙwararren ma'aikaci. Idan kamfanin da zai ɗauke ka ya yarda zai biya ka haka ko sama da haka, ƙofa na iya buɗewa. Idan ya rage ko da fam goma ne, sai ka haƙura. Abin da nake so in faɗa a yau shi ne, wannan adadi yaudara ce mai fuska biyu. Ya yi yawa ga garuruwan da mutum zai iya rayuwa cikin rufin asiri, ya kuma yi kaɗan ga birnin da yake tura mutane cikinsa, wato Landan. Kuma waɗanda suka yanka shi sun san da haka sarai.

Bari mu fara da yadda abin yake aiki, don wanda bai sani ba ya sani. Ba ka neman wannan biza da kanka kai tsaye, sai wani kamfani ko asibiti ko makaranta da ke da lasisin Ma'aikatar Cikin Gida ya ba ka takardar shaidar cewa shi ne ya ɗauki nauyinka. Sannan albashin da ya rubuta maka dole ya tsallake shinge biyu: na farko adadin bai-ɗaya da muka ambata, na biyu abin da aka ƙiyasta ana biyan masu irin sana'arka a faɗin ƙasar. Wanda ya fi tsawo a cikin shingayen biyu, shi za ka tsallaka. Akwai rangwame ga matasa sababbin shiga aiki da masu digirin digirgir, amma ginshiƙin dokar ke nan. A duk cikin wannan lissafi babu inda aka tambayi garin da za ka zauna, babu inda aka tambayi kuɗin haya, haka nan shingen albashin bai san gwauro ba bai san mai mata da 'ya'ya uku ba. Mudu ɗaya ne aka ɗauka ake auna kowa da shi.

To, yaya aka yi aka iso wannan adadi? A shekarar 2017 shingen yana kan fam 30,000. Da Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai, ma'aikatan Poland da Romaniya suka daina shigowa yadda suka saba, sai a ƙarshen 2020 aka sauke shi zuwa fam 25,600. A 2023 aka ɗan taɓa shi ya koma 26,200. Ana nan sai alƙaluma suka nuna cewa a shekara guda yawan waɗanda suka shigo ƙasar ya ɗara na waɗanda suka fita da mutum sama da 700,000, jaridu suka yi caa, zaɓe kuma na ƙaratowa. Ranar 4 ga Disambar 2023 Ministan Cikin Gida na lokacin, James Cleverly, ya miƙe a majalisa ya sanar da sababbin matakai, ya ce za su rage masu shigowa da kimanin mutum 300,000. A watan Afrilun 2024 shingen ya yi tsalle daga 26,200 zuwa 38,700. Gwamnatin Leba ta Keir Starmer da ta karɓi mulki a Yulin wannan shekarar ba ta sauke shi ba, ƙara masa tsawo ta yi zuwa 41,700, ta kuma ce daga yanzu galibin ayyukan da za a ba biza sai waɗanda suka kai matakin digiri.

Don Allah mai karatu, ka sake duba waɗannan lambobi. Tsadar rayuwa ce ta sauka a 2020 har aka rage shingen? A dare ɗaya ne kuma burodi da haya suka ƙaru da kusan rabi a 2024? Ko kusa. An sauke shi ne lokacin da ake neman hannuwa, aka ɗaga shi lokacin da ake neman ƙuri'a. Famfo ne a hannun 'yan siyasa, su buɗe su rufe gwargwadon ihun da ke tashi a waje. Ni ban ce ba su da ikon yin haka ba, ƙasarsu ce, kuma kowane mai gida yana da ikon cewa ga yawan baƙin da zaurensa zai ɗauka. Abin da ya tsone mini ido shi ne sunan da ake laƙaba wa famfon. Ana gaya wa duniya wai shingen na nan don a tabbatar baƙo zai iya riƙe kansa, kuma kada a yi amfani da shi a karya albashin 'yan ƙasa. To bari mu ɗauki alƙalami mu gwada maganar.

Mutumin da ke karɓar fam 41,700 a Ingila, bisa tsarin harajin shekarar 2025, ba a taɓa fam 12,570 na farko. Abin da ya saura a cire masa kashi 20 cikin ɗari na haraji, a ƙara cire kashi 8 na inshorar ƙasa. Abin da zai shigo aljihunsa a wata bai wuce fam 2,800 ba, tun kafin a zari na fansho. Yanzu mu tafi Landan da wannan kuɗi. Hukumar ƙididdiga ta Birtaniya ta nuna cewa a 2025 matsakaicin kuɗin hayar gida a Landan ya haura fam 2,200 a wata. Ka cire, ka ga abin da ya rage: fam 600 ko ƙasa da haka. A cikinsu za a biya harajin ƙaramar hukuma, a biya wuta da gas a ƙasar da sanyi ke kisa, a sayi katin jirgin ƙasa da bas na wata wanda shi kaɗai ya kusa fam 200 ga wanda ke zaune a ɗan nesa da tsakiyar gari, sannan a fara maganar abinci. Ba a zo kan waya ba, ba a zo kan tufafi ba, ba a zo kan abin da za a tura gida ba.

Wani zai ce ai ba dole ne ya kama gida guda ba, sai ya kama ɗaki. Haka ne, kuma abin da akasarinsu ke yi ke nan. Ɗaki ɗaya a gidan haɗaka a Landan, inda za ka yi layin banɗaki da mutum huɗu ko biyar da ba ka taɓa sani ba, ya kusa fam 1,000 a wata. Injiniya mai shekara 35, wanda a garinsu ake miƙe masa idan ya shigo taro, shi ne zai koma rubuta sunansa a jikin robar madara a firjin haɗaka. Gwauro zai iya jurewa na ɗan lokaci. Mai iyali fa? Gaskiya ne doka ta yarda matarsa ta yi aiki, amma idan akwai ƙananan yara, kuɗin gidan reno zai lashe mafi yawan abin da za ta samo. Sai ka ga magidanci ya koma can bayan gari, yana ɓata awa uku kullum a hanya, irin dai rayuwar ma'aikacin Abuja da ke kwana a Suleja ko Mararaba, sai dai shi nasa da dusar ƙanƙara.

Kafin ma ya taka ƙasar an riga an tatse shi. Tun daga Fabrairun 2024 ake karɓar fam 1,035 a kan kowane babba da fam 776 a kan kowane yaro, na kowace shekara, a matsayin kuɗin lafiya, kuma na dukan shekarun bizar ake biya gaba ɗaya tun a farko. Miji da mata da yara biyu, bizar shekara uku, fam 10,866 ke nan. Kuɗin bizar kanta a 2025 fam 769 ne kowane kai. Idan ka haɗa, abin ya doshi fam 14,000, ban da kuɗin jirgi da kuɗin ajiya na mai gida. Bayan duk wannan, a jikin bizar an rubuta ɓaro-ɓaro cewa ba shi da haƙƙin taɓa tallafin gwamnati. Baturen da ke zaune kusa da shi a ofis, idan haya ta fi ƙarfinsa akwai inda zai kai kuka, akwai kuɗin yara da ake ba shi. Baƙo kuwa haraji ɗaya suke biya, ya ƙara da kuɗin lafiya a kai, amma idan ruwa ya ƙare wa ɗan kada babu wanda zai waiwaye shi. Wannan shi ne mutumin da aka buga wa hatimi cewa zai iya riƙe kansa.

Yanzu mu juya mu dubi ɗaya kasuwar. A arewa maso gabashin Ingila, yankin su Newcastle da Sunderland, matsakaicin kuɗin haya a 2025 bai kai fam 800 ba. Wanda ke karɓar fam 33,000 a can, abin da zai rage masa bayan haya ya ninka na mai fam 41,700 a Landan. Zai kama gida mai ɗaki biyu ko uku, ya kai yara makaranta a ƙafa, ya yi ajiya, ya tura wa iyaye. Amma dokar ta ce a'a, wannan bai cancanta ba, albashinsa ya yi kaɗan. Kamfanin da ke can kuwa ba zai iya biyan 41,700 ba, domin a 2024 matsakaicin albashin cikakken ma'aikaci a wannan yanki bai kai fam 35,000 ba, alhali na Landan ya haura 45,000. Na ƙasar baki ɗaya a wannan shekarar fam 37,430 ne. Ka ga ke nan ana neman baƙo ya shigo da albashin da fiye da rabin 'yan ƙasar ba sa samu. Shi ma shinge na biyu, na kuɗin sana'a, daga matsakaicin ƙasa baki ɗaya ake ciro shi, kuma manyan albashin Landan ne ke jan sa sama.

Sakamakon a fili yake ga duk mai ido. Inda albashi ke isa, an rufe ƙofa. Inda ƙofa ke buɗe, albashi ba ya isa. Dokar da kanta take tankaɗe baƙi tana zuba su a Landan da kewaye, wurin da ake kukan cunkoso da ƙarancin gidaje, sannan gobe ɗan siyasa ya hau mumbari ya ce baƙi ne suka tsawwala haya. Garuruwan da matasansu ke gudu, waɗanda ke neman masu gyara injuna da masu zanen gini, an bar su da hamma. Gwamnatin Sikotland ta hango wannan tun a Janairun 2020, ta nemi a ba ta nata tsarin biza saboda yawan jama'arta na tsufa, fadar gwamnati a Landan ta yi watsi da buƙatar ba tare da ɓata lokaci ba.

Kada wani ya ce mini wai ba su lura ba ne. Ma'aikatar Cikin Gidan nan da ta ce ƙasa ɗaya adadi ɗaya ga ma'aikaci, ita ce dai ke da adadi biyu ga ɗalibi. A Janairun 2025 ta ce ɗalibin da zai yi karatu a Landan ya nuna yana da fam 1,483 na kowane wata, wanda zai yi a wajen Landan kuwa fam 1,136. Hukumar lafiya ta ƙasa, NHS, tana ƙara wa ma'aikatanta na tsakiyar Landan kashi 20 cikin ɗari a kan albashi, na gefen birnin kashi 15, saboda tsada. Malaman makaranta ma jadawalin albashinsu na Landan daban ne. Wato idan gwamnati za ta biya nata ma'aikata, ko za ta binciki aljihun ɗalibi, ta san Landan daban take. Sai an zo kan ƙwararren baƙo ne mantuwa ke kama ta. Biri fa ya yi kama da mutum.

Ga wani abin kuma. Ma'aikaciyar jinya sabuwar shiga a asibitin gwamnati a Ingila, albashinta a 2025 fam 31,049 ne. Bisa mudun da aka auna injiniya da shi, ba ta cancanci biza ba. Amma tana samu, domin an ware ma'aikatan lafiya da malaman makaranta an yi musu nasu ƙaramin shinge, wanda a 2025 ya fara daga fam 25,000. Dalili? Gwamnati ce mai biyansu. Idan ta ɗora wa kanta 41,700, ko dai ta ƙara wa kowa albashi ko asibitoci su tsaya. Sai ta yi wa kanta rangwame ta bar ƙaramin kamfani a Bradford da dogon shinge. In har fam 31,000 ya ishi nas rayuwa, me ya hana ya ishi mai gyaran na'ura? In kuwa bai isa ba, don me ake kwaso ta daga Indiya da Nijeriya da Filifin a kan wannan kuɗi?

Adalci ne mu saurari hujjar ɗaya ɓangaren. Kwamitin masana da ke ba gwamnati shawara kan ƙaura ya duba wannan batu a rahotonsa na Janairun 2020, ya kuma goyi bayan adadi ɗaya. Hujjojinsa su ne, idan aka yi wa yankuna matalauta ƙaramin shinge, tamkar an buga musu tambarin wuraren ƙaramin albashi ne har abada, tsarin zai yi sarƙaƙiya, kuma bambancin da ke cikin yanki guda ya kan fi wanda ke tsakanin yankuna. Hujjoji ne na masu ilmi, amma a lura, lokacin da suka yi wannan magana shingen da suka ba da shawara fam 25,600 ne, adadin da kusan kowane yanki zai iya kaiwa. Mudu ɗaya ba ya ciwo sosai idan ƙarami ne. Da aka cika shi ya haura matsakaicin albashin ƙasa, sai ya zama hukunci a kan duk garin da ba Landan ba. Batun tambari kuwa, hana kamfanin Sunderland ɗaukar injiniyan da ya rasa a gida ba zai ƙara wa kowa ko sisi ba, iyaka aikin ya koma kudu ko ya bar ƙasar. Sarƙaƙiya kuma, gwamnatin da ta iya tsara kuɗin sana'a ɗaya bayan ɗaya ga ɗaruruwan sana'o'i ba za ta ce ƙara layi biyu ya fi ƙarfinta ba.

Wasu ƙasashen ai suna yi. A Amurka, albashin da dole a biya mai bizar ƙwararru ana ƙiyasta shi ne bisa sana'a da kuma yankin da aikin yake, na San Francisco daban, na ƙaramin gari a Ohio daban. A Kanada ana duba matsakaicin albashin lardin da mutum zai yi aiki. Ban ce tsarinsu ba shi da tabo ba, kowanne da nasa zaluncin, amma aƙalla sun yarda cewa dala ɗaya ba nauyi ɗaya gare ta a ko'ina ba.

Na san wani ɗan'uwa zai ce, Malam, kana jawo mana ne, idan aka bi maganarka shingen Landan sama zai ƙara yi. E, zai yi, kuma gara haka. Gara a gaya wa mutum gaskiya yana gidansu da a bar shi ya sayar da filin gado ya je ya gano ta a ɗaki mai faɗin kabari. Sannan ƙofar da za ta ƙuntata a Landan, goma za su buɗe a wasu garuruwan.

Abin da ya ƙara wa miyar gishiri shi ne igiyar da ke wuyan ma'aikacin. Bizarsa a ɗaure take da kamfanin da ya kawo shi. Idan aka sallame shi, ko kamfanin ya rasa lasisi, galibi kwana 60 ake ba shi ya samo wani mai lasisi da zai biya shi sama da shingen, ko ya tattara ya bar ƙasar. Wanda ke cikin wannan hali, ga haya ta shaƙe shi, ba ya iya ɗaga murya, ba ya ƙin ƙarin awanni, ba ya neman ƙarin albashi. To ina kare albashin 'yan ƙasa a nan, alhali an samar wa masu kamfani ma'aikacin da ba ya iya cewa a'a? Mun ga ƙarshen wannan hanya a ɓangaren masu kula da tsofaffi, wanda aka buɗe wa baƙi a Fabrairun 2022, 'yan Nijeriya suka yi tururuwa. Ma'aikatar da kanta ta ce tsakanin Yulin 2022 da Disambar 2024 ta soke lasisin kamfanoni sama da 470 a wannan fanni, abin da ya shafi ma'aikata sama da 39,000. Da yawa sun biya dillalai miliyoyi, suka isa suka tarar babu aikin. A Yulin 2025 aka rufe hanyar ga sababbin masu zuwa daga waje. A shekarar ne kuma gwamnati ta bayyana niyyar mayar da wa'adin samun izinin zama na dindindin daga shekara 5 zuwa 10 ga galibin ma'aikata, wato a ninka tsawon igiyar.

Saura mu. Ba zan sauka daga kan wannan magana ba sai na taɓo namu laifin, wato cutar lissafi da naira. A 2025 fam ɗaya ya yi ta yawo a kusa da naira 2,000, don haka da an ce 41,700 sai mutum ya danna waya ya ga sama da naira miliyan 80, ya tuna mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a Nijeriya a 2024 naira 70,000 ne, sai kansa ya ɗau zafi. 'Yan'uwa a gida su ma wannan lissafin suke yi, shi ya sa buƙatu ba sa yankewa, wanda ke can kuma kunya ta hana shi faɗin gaskiya, sai dai ya turo hoto a gaban gadar Landan. Mai gidan haya a Peckham ba ya karɓar naira. Da fam aka biya ka, da fam za a karɓe. Hangen Dala dai ba shiga birni ba ne.

Don haka ga wanda aka yi wa tayin aiki, kafin ka yi walima ka yi tambaya huɗu. A wane gari aikin yake? Nawa zai shigo hannuna a wata bayan haraji da fansho? Nawa ne hayar gidan da zai ɗauki iyalina a inda zan iya zuwa aiki? Wa zai biya kuɗin biza da na lafiya? Duk wanda ya ce ka biya shi kuɗin takardar ɗaukar nauyi, ka guje shi, doka ta hana a ɗora wa ma'aikaci wannan kuɗi. Idan kuma Allah Ya ba ka zaɓi tsakanin Landan da wani gari a kan albashi kusan ɗaya, kada sunan birni ya ruɗe ka.

Su kuwa masu yanka adadin, abu uku ya rage musu idan da gaske suke. Su auna albashi da tsadar wurin da mutum zai zauna, kamar yadda suke yi wa ɗalibai da nasu ma'aikata. Su kwance igiyar, ma'aikaci ya iya sauya wurin aiki ba tare da barazanar kora ba. Idan kuma duk ba za su yi ba, to su fito su ce mutum kaza muke so a shekara, shi ke nan, kowa ya san inda ya dosa. Amma a miƙa wa mutum takarda a ce an auna an ga zai iya riƙe kansa, alhali an san mudun bai san kasuwar da za shi ba, wannan cin amana ne.

Allah Ya ba mu arziki mai albarka a inda ya fi mana alheri, Ya rufa asirin 'yan'uwanmu da ke baƙunta.